Sarrafa Manyan Injinan Gini da Kula da Su a Lokacin Hunturu: Darasi ga Yankin Dugabau, Kabo da Gwarzo

Manyan injinan gini, irin su katafila da gireda da rola da feloda da motar haƙa ƙasa da tifa, sun fi yin aiki a arewacin Nijeriya daga ɗaukewar ruwan sama a watan Oktoba zuwa faɗuwarsa a wajen Mayu ko Yuni. Da damina ƙasa kan yi laushi, ramukan ɗiban burji su cika da ruwa, rafuka su yanke hanya, gonaki kuma ga amfani tsaye, babu damar ratsa su. Saboda haka ɗan kwangila da ma'aikatar ayyuka duk rani suke jira. Tsakiyar wannan lokaci kuwa hunturu ne, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, watannin da inji ke kwana cikin sanyi, ya wuni cikin ƙura.

Yammacin jihar Kano ya daɗe da sanin waɗannan injina. Dugabau mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Kabo, maƙwabciyar Gwarzo, kuma babban titin da ya tashi daga Kano ya bi ta Rimin Gado zuwa Gwarzo, tafiyar kusan kilomita 70, ya zarce Dayi ta jihar Katsina, shi ne jijiyar yankin. Tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, jihar ta duƙufa ga gina madatsun ruwa. An kammala ta Tiga a 1974, ta Challawa da ke Ƙaraye a 1992, ga kuma ƙanana irin su Guzu-Guzu da Magaga a wannan shiyya. Da turin katafila da dannar rola aka tayar da bangayensu. A yau aikin ya haɗa da faɗaɗa manyan tituna, da hanyoyin burji masu haɗa ƙauyuka da kasuwanni, da kwalbatoci, da yashe madatsun ruwa, da jigilar yashi da tsakuwa.

Irin sanyin da ake magana a kai

Akasarin waɗannan injina ƙirar ƙasashe ne masu dusar ƙanƙara: Caterpillar ta Amurka, Komatsu ta Japan, Volvo ta Suwidin, da kamfanonin Sin irin su XCMG da Shantui. Babin sanyi a littattafan da ke zuwa da su an rubuta shi ne domin wurare irin su Kanada da Saiberiya, inda ma'aunin zafi ke sauka har digiri 40 ƙasa da sifili. A can man gas kan yi kauri ya toshe matata, ruwan lagireto ya daskare, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 har ya tsaga inji, ƙarfe kuma ya yi gautsi. Shi ya sa suke da man gas na musamman na lokacin sanyi, suna kuma jona inji da lantarki ya kwana da ɗumi.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke faruwa a ƙasar Kano. A Disamba da Janairu sanyin asuba kan tsaya ne a wajen digiri 12 zuwa 14, wasu ranakun ya sauka ƙasa da 10, da rana kuma zafi ya kusa digiri 30. Amma hunturu na zuwa da abubuwa uku a haɗe. Na farko, tazara mai faɗi tsakanin sanyin dare da zafin rana. Na biyu, bushewar iska, domin laima kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Na uku, ƙura, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, busasshen gindin tsohon tafki wanda ke cikin manyan maɓuɓɓugar ƙura a duniya. Idan hazo ya yi kauri, har jirage kan kasa sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. A kan wannan kuma sai a ƙara ƙurar da injin kansa ke tayarwa a bakin aiki, wadda ta fi ta sama yawa da kaushi.

Saboda haka wanda ya kwafi dokokin ƙasashen ƙanƙara gaba ɗaya ya yi asarar kuɗi, wanda kuma ya ce sanyin Kano ba ya yi wa ƙarfe komai ya yi asarar inji. Ɓarnar hunturu a wannan yanki ta fi shiga ta ƙofa biyu: rabin sa'ar farko ta safiya, da hanyar da iska ke bi ta shiga inji.

Yadda sanyi ke taɓa injin gas

Injin gas, wanda Rudolf Diesel na Jamus ya fitar da mai aiki a 1897, ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na injin fetur. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda, ya rage girmanta sau 15 zuwa 20, har zafinta ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai ya kama da kansa. Idan inji ya kwana a fili, bangon silinda mai sanyi kan zuƙe wani kaso na wannan zafi, sai mai ya ƙi kamawa sosai. Dalilin farin hayaƙin safiya ke nan: mai ne da ya fita bai ƙone ba. Sabon inji ba ya damuwa da digiri 12. Tsohon da ringinsa ya sassauta, wanda da ma matsinsa ya ragu, shi ne ke gardama, kuma irinsa ne ya fi yawa a hannun ƙananan 'yan kwangila da sassan ayyuka na ƙananan hukumomi.

Sai baƙin mai. Kamar yadda man ja ke daskarewa a kwalba da hunturu, haka man inji ke yin kauri da asuba, ya yi nawar hawa zuwa saman inji da tobo. A 'yan daƙiƙun nan ƙarfe na gugar ƙarfe kusan a bushe. Mai irin 15W-40 an yi shi ne domin wannan: lambar farko na nuna yadda yake gudana cikin sanyi, ta biyu kuma kaurin da yake riƙewa idan inji ya yi zafi. Mai lamba 40 zalla, wanda direbobin tifa da yawa suka fi so don yana rufe asirin tsohon inji, ya fi yin nauyi da safe, ya wahalar da kik, ya jinkirta isar mai inda ake buƙatarsa.

Na uku batir. Zafin bazara ne ke cinye ƙarfin batir, hunturu kuma ya tona asirinsa, domin sanyi na rage wutar da yake bayarwa a daidai lokacin da inji ya fi nauyin juyawa. Batir mai bolt 12 da ya cika yakan nuna 12.6 a ma'auni. Idan ya nuna 12.2 ya kusa rabi. Manyan injina kan yi amfani da guda biyu a jone su ba da bolt 24, kuma haɗa sabo da tsoho na kashe sabon. Ƙurar da ta cakuɗu da danshin asid a saman batir tana tsotse wuta a hankali cikin dare, don haka a riƙa goge shi, a kankare kawunansa, a shafa musu ɗan giris, a ƙara ruwan batir idan ya ja baya, a kuma kashe babban makunnin wuta kafin a tashi daga aiki.

Tayar da inji da safe

Abin da aka saba gani a sansanin aiki da sanyin safiya shi ne wannan. Tifofi sun iso da lodi suna jira, mai kula da aiki na duban agogo, gireda ta ƙi tashi. Direba ya danne makulli kik na kuka ba sassauci. Yaron mota ya cire murfin matatar iska, ya tsoma tsumma a fetur ya kara a bakin bututun. Wani ya kawo karan dawa ya hura wuta a ƙarƙashin kaskon mai. Inji ya tashi da ƙara da girgiza, direba ya take totur har ƙasa don kada ya mutu, ya sa giya ya nufi bakin aiki.

Kowane mataki a nan yana da farashi. Kik da aka danne fiye da daƙiƙa 30 yakan yi zafi ya ƙone. Ƙa'ida ita ce a sake shi, a jira kamar minti 2 kafin a sake gwadawa. Fetur na kamawa tun fistin bai kai inda ya dace ba, ya buge shi da ƙarfin da ke karya ringi, ya fasa kan fistin, idan kuma injin na da hitar tashin safe a kunne zai iya fashewa a fuskar mai tsumman. Cire matata na buɗe wa ƙura ƙofa kai tsaye. Wuta a ƙarƙashin inji kuwa tana lasar wayoyi da tiyo da man da ya ɗiga ya taru. Take totur a kan inji mai sanyi na juya tobo, wanda gudunsa ke haura zagaye 100,000 a minti, tun mai bai isa gare shi ba. Sauri ya haifi nawa: mintunan da aka ce an tsira da su, su ne ke komawa makonnin jiran obahol.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya. Kafin a taɓa makulli, direba ya zagaya injin da ƙafa, ya duba ƙasa ko akwai ɗigon mai ko ruwa, ya zaro gejin mai, ya duba ruwan lagireto da man haidirolik da ƙarfin fanbel, ya tsiyaye ruwan da ya kwanta a gindin matatar man gas. Ya leƙa ƙarƙashi da bayan tayoyi, domin awaki da karnuka, wani lokaci har yara, kan raɓi inji don gudun iska. Sannan ya mayar da giya furi, ya kunna hita har fitilarta ta mutu, ya danna oda, ya tayar. Idonsa ya tsaya kan agogon mai: idan bai hau ba cikin 'yan daƙiƙu, a kashe inji nan take.

Bayan ya tashi, a bar shi a silo kamar minti 5. Daga nan a ɗan ƙara wuta, a motsa hannu da bokiti ko wuƙar gireda a hankali ba tare da lodi ba, sama da ƙasa, hagu da dama, har man haidirolik ya zagaya ya yi ɗumi, motsi ya daina tsalle-tsalle. A gwada birki da sitiyari. Direban tifa ya tsiyaye tankunan iska, ya jira agogon iska ya cika. Aikin farko ya zama mara nauyi har allurar zafi ta kai inda ta saba tsayawa. Barin inji a silo na sa'a guda shi ma kuskure ne, domin injin gas ba ya ɗaukar zafi sosai sai da aiki, kuma man da bai ƙone ba na wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Da yamma kuma a ba shi minti 3 zuwa 5 a silo kafin a kashe, tobo ya huce.

Launin hayaƙi na ba da labari. Fari da ya ɗauke bayan 'yan mintuna ba komai ba ne. Wanda ya ƙi ɗaukewa na nuna nozul ya lalace, ko matsi ya ragu, ko ruwa na shiga ta gaskit. Baƙi na nuna iska ta yi kaɗan ko lodi ya yi yawa. Shuɗi kuwa inji ne ke shan baƙin mai.

Ƙura da matatar iska

Kafin inji ya ƙone lita ɗaya ta man gas sai ya shaƙi iskar da ta haura lita 10,000. Duk ƙurar da ke cikin wannan iska matata ce kaɗai ke tsakaninta da fistin. Ƙurar kuwa cike take da ɓurɓushin yashi mai taurin da ke kankare ƙarfe. Idan ta samu hanya, sai ta haɗu da mai ta riƙa cin ringi da bangon silinda, inji ya fara shan mai, ƙarfinsa ya ragu, tashin safe ya ƙara wuya. Nan ne ƙura da sanyi ke haɗa kai: ƙurar bana ita ce ke sa inji ya ƙi tashi a hunturun baɗi.

Matatar manyan injina hawa uku ce. A sama akwai ƙoƙon da ke juya iska ya watsar da manyan ƙwayoyi, wanda ya kamata a zazzage kullum, a ranar hazo ma sau biyu. Sai babbar matata ta takarda. A cikinta kuma akwai ƙarama, ta tsaro, wadda ba a wanke ta, ba a hura ta, sai dai a canza.

Al'adar da ta fi kashe inji ita ce a zaro babbar matata a riƙa buga ta a jikin taya har ƙura ta daina fita. Bugun na lanƙwasa bakinta, ya ɓalle robar da ke rufe ta, ya yi wa takardar tsagar da ido ba ya gani. Idan za a hura ta, a yi da busasshiyar iska mara ƙarfi, wadda ba ta wuce bar 2 ba, daga ciki zuwa waje. Sannan a shiga inuwa a zura fitila a cikinta. Duk inda haske ya ɓullo kamar tsinin allura, matatar ta gama aiki. A goge cikin gidanta da tsumma mai ɗanshi kafin a mayar. Yawan buɗewa ma na da illa, domin kowace buɗewa na zubar da ƙura ciki. Shi ya sa masu ƙira suka sa ɗan ma'auni a bututun iska, mai nuna ja idan matata ta toshe. Shi ne ya kamata ya yanke hukunci. A kuma bi bututun daga matata zuwa tobo ana duba maɗaurai, domin huda ɗaya a roba ta isa ta mayar da sabuwar matata banza.

Lagireto da ruwan inji

Abin mamaki, a tsakiyar hunturu inji kan yi zafi fiye da kima. Ƙura da ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawar bayan kaka ne ke toshe ramukan lagireto, iska ta kasa ratsawa. A riƙa hure su daga ɓangaren fanka zuwa waje, kuma kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Kanikawa da yawa kan cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 80 kafin ya sake shi zuwa lagireto, da hujjar cewa ƙasarmu ƙasar zafi ce. Inji mara tamostat yakan daɗe bai yi ɗumi ba da safiyar hunturu, ya ƙara shan mai, ya tara baƙin toka, ya lalace da wuri. Idan inji na zafi, a nemi dalilin a lagireto ko fanbel ko famfon ruwa.

Ruwan rijiya ko na madatsa zalla na haifar da tsatsa da dattin da ke toshe hanyoyin ciki. Ruwan sanyaya inji na kanti, wanda ake haɗawa rabi da rabi da tsabtataccen ruwa, yana hana daskarewa har digiri 37 ƙasa da sifili, abin da Kano ba ta buƙata. Amfaninsa a nan shi ne hana tsatsa da jinkirta tafasa.

Man gas, giris, tiyo da taya

Man gas ba ya daskarewa a sanyin Kano, don haka babu dalilin gauraya shi da kananzir, wanda ke rage santsin da famfon mai da nozul suke dogaro da shi. Matsalar ita ce datti da ruwa. A sansanonin karkara daga duro da jarka ake zuba mai, cikin iska mai ƙura, da mazurarin da ya kwana a ƙasa. Injinan zamani na fesa mai da matsin da ya haura bar 1,500, kuma ƙwayar da ido ba ya gani ta isa ta lalata nozul ɗinsu. A bar duro ya kwana datti ya kwanta, kada a zuƙo daga gindinsa, a tace, a goge bakin tanki kafin a buɗe. Cika tanki da yamma na rage iskar da ke ciki, wadda ke yin gumi idan dare ya yi sanyi.

Giris a irin wannan yanayi aikinsa biyu: santsi, da turo ƙura waje daga mahaɗan hannu da bokiti. A goge kan kowace ƙofar giris kafin a danna, a ci gaba har sabo ya fito. Da yamma a sauke bokiti da wuƙa ƙasa, a mayar da sandunan haidirolik masu sheƙi ciki gwargwadon iko, a ajiye inji a wuri mai faɗi, bayansa ga iska.

Roba kan taurara da sanyi, tsohon tiyo ya tsage idan aka lanƙwasa shi da ƙarfi da sassafe. Matsin haidirolik na motar haƙa ƙasa na kai wa bar 300 ko fiye. Ba a neman huda da tafin hannu, domin man na iya huda fata ya jawo yanke yatsa. Da kwali ake nema.

Iskar taya na raguwa da kusan kashi 6 cikin 100 tsakanin zafin azahar da sanyin asuba. A auna da safe kafin a fara aiki, kada kuma a sace iska da rana don an ga ta hau. Ba a yin walda a jikin wili taya na kai. Injina masu sarƙa kuwa a riƙa zazzage yashin da ya cushe, a daidaita ɗaurin. Ƙasar rani tauri gare ta, saboda haka a fara tsaga ta da haƙoran baya kafin a tura, a kuma juya ko a canza bakin wuƙa kafin cin ya kai ga uwar wuƙar.

Tasirin hunturu a kan aikin kansa

Burji ba ya dannuwa sai da danshi daidai. Iskar hunturu na busar da shi tun rola ba ta iso ba, a samu hanya mai kyan gani wadda damina ɗaya za ta wanke. A shimfiɗa shi hawa-hawa, kowane kamar santimita 15 zuwa 20, tankar ruwa na gaba, rola na biye. Gwajin hannu na taimakawa: a dunƙula ƙasar, idan ta riƙe ba ta jiƙa tafi ba, ta yi, idan ta wargaje, tana son ruwa. Tun da ruwan daga madatsu da rafukan da masu noman rani da makiyaya ke amfani da su ake ɗibarsa, ya kamata a daidaita da dagaci da masu unguwanni tun farko.

Kwalta kan bar injin dafawa da zafin digiri 150 ko fiye, kuma dole a gama danne ta kafin ta sauka wajen digiri 80. Iska mai sanyi na saurin kashe ta, musamman siririn shimfiɗi, ga kuma nisan tafiya. A rufe tifa da tampol, a jira rana ta ɗaga, a share ƙurar da ta kwanta a kan hanya, rola ta bi injin shimfiɗa kurkusa.

Kankaren kwalbati da gada kuwa bushewa ce abokiyar gabarsa. Siminti na buƙatar ruwa kafin ya yi ƙarfi, iska kuma na janye shi, fuskar ta tsattsage tun ranar farko. A rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, tare da sanin cewa a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa.

Lafiyar ma'aikata da jama'a

Ƙura na jawo mura da ciwon ido, ta tayar da asma, wanda kuma ya shekara da shekaru yana shaƙar ƙurar dutse huhunsa na iya lalacewa har abada. Takunkumi da tabarau da rufaffen ɗakin direba mai matata mai kyau ba kayan ado ba ne. Rigar sanyi ta zama mai kama jiki. Babbar riga da jelar rawani da mayafi fanbel na iya fizgarsu cikin ƙiftawar ido.

Idan hazo ya rufe, a kunna fitilu ko da rana, a sa mai tuta sanye da riga mai sheƙi, a yayyafa wa hanyar da ta ratsa gari ruwa, a rage gudu kusa da makarantu da ranakun kasuwa. Gilas mai ƙura da ruwa ake wanke shi, goge shi a bushe na karce shi.

Hunturu lokacin gobara ne. A share ciyawa kewaye da wurin ajiye injina, a nisanta su da tarin kara da dajin da mafarauta ke cinna wa wuta. Wutar jin ɗumin maigadi ta yi nesa da durorin mai, kowane inji kuma ya kasance da tukunyar kashe gobara mai aiki. Kada ma'aikata su kwana da gawayi a rufaffen ɗaki ko kwantena, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Jadawalin sabis da rabon alhaki

Da sa'o'in aiki ake lissafin sabis ɗin babban inji, kuma masu ƙira sun tsara shi a kan sa'a 10, 50, 250, 500, 1,000 da 2,000. Littattafansu da kansu sun ce a gajarta tazarar idan ana aiki cikin ƙura mai yawa. Wannan ba ya yiwuwa sai agogon sa'o'i na aiki, kuma akwai littafin da ake rubuta ranar juye, da irin man da aka zuba, da matatar da aka canza, da abin da direba ya lura da shi.

Watan Oktoba ne lokacin shiri: a gwada batir da hita, a gyara nozul, a mayar da tamostat, a canza tsofaffin tiyo, a tanadi matatu. Daga ƙauyukan Kabo da Gwarzo, neman kayan gyara na nufin tafiya Kano, zuwa kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa, wuni guda ya tafi. Matata ta gaske da jabu kuma kamanninsu ɗaya a kwali, don haka a saya wurin amintacce. Idan gireda ɗaya ta tsaya, rola da tankar ruwa da tifofi da leburori duk sun tsaya, kuɗin hayarsu kuwa na tafiya.

Kammalawa

Sanyin ƙasar Kano ba ya fasa inji dare ɗaya. Gaggawar safiya da ƙurar da aka bari ta shiga su ne ke cinye shi a hankali, har ranar da za a ce ya buga. Alhakin a rabe yake. Na direba shi ne zagayen safe da ɗumama inji. Na bakanike, ya bar tamostat a wurinsa, ya daina buga matata. Na mai inji da sassan ayyuka na ƙananan hukumomi, su sayi mai da matatu na gaske kafin Disamba, su kuma sa rabin sa'ar farko ta kowace safiya cikin lissafin aiki, kada a ɗauke ta a matsayin lalaci. Damina ba ta jiran kowa, kuma hanyar da ba a gama ba kafin Yuni mutanen Dugabau da maƙwabtansu ne za su shekara suna shan wahalarta.